Sabon katin shaidar ma'aikatan asibitinmu: me zan saka, me zan cire?

Uwar Ofis ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni ce ke riƙe da harkar ma'aikata a wani asibiti mai zaman kansa a Kaduna, kuma an ɗora mini aikin sake katin shaidar ma'aikata gaba ɗaya kafin ƙarshen shekara. Mun kusa ɗari biyu idan aka haɗa da likitocin da ke zuwa su tafi, da nas-nas, da 'yan ɗakin gwaji, da masu shara, da direbobin motar ɗaukar marasa lafiya. Ban da ɗaliban makarantun jinya da ake turo mana sanin makamar aiki, waɗanda su ma ko'ina suke shiga.

Abin da ya tayar da maganar shi ne an kama wata mata a ɗakin masu jego sanye da farin kaya, ga katinmu a wuyanta, tana karɓar kuɗi a hannun 'yan jinya wai za ta karɓo musu allura a famasi. Katin na gaske ne, na wata ma'aikaciya ce da ta bar aiki tuni, hoton ya koɗe har fuskar ba ta ganuwa. Ta babbar ƙofa ta shigo, maigadi ya hango shuɗiyar igiyarmu a wuyanta ya buɗe mata. Kuɗi ta karɓa, amma jarirai ne kwance a ɗakin nan, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Ga yadda katinmu na yanzu yake. A gaba akwai tambarin asibiti babba, da ƙaramin hoto a gefe, da cikakken suna, da muƙami, da sashe. A baya akwai rukunin jini, da lambar wayar ma'aikaci, da suna da lambar wanda za a kira idan wani abu ya same shi, da sa hannun babban likita, da adireshinmu, da rubutun nan na cewa wanda ya tsinta ya kai ofishin 'yan sanda mafi kusa. Babu ranar ƙarewar wa'adi.

Mai asibitin yana so a ƙara lambar NIN da tambarin nan mai ƙyalli, wai don kati ya yi kwarjini. Wani kuma ya kawo shawarar a yi katin da zai riƙa buɗe ƙofar famasi da tiyata da ɗakin jarirai. Ni ban san hawa ba ban san sauka ba a wannan fanni. Don Allah waɗanda suka san aikin nan su taimaka mini, me ya kamata ya hau kan katin, me ya kamata ya sauka, kuma shin katin buɗe ƙofar ya cancanci kuɗinsa?

Mai Buga Kati, Kano, ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara tsarewa. Buga kati ne sana'ata, na makarantu da kamfanoni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, don haka zan gaya miki abin da nake gani daga bakin inji.

Katin ma'aikaci wuri biyu yake zama. A cikin asibiti, so ake maigadi ya gane mai shi daga nesa ba sai ya tsayar da shi ba. A waje kuwa, ranar da ya faɗi a cikin keke ko aka fizge jaka a Kasuwar Barci, so ake wanda ya same shi ya rasa abin da zai yi da shi. Duk abin da za ki rubuta a kai, ki auna shi da wuraren nan biyu. Naku na yanzu bai tsira a ko ɗaya ba: hoton da ake buƙata a ciki ya yi ƙanƙanta, bayanin da zai cutar a waje ya yi yawa.

Mu fara da hoto, don nan matar ta shiga. Katin da muke bugawa girmansa ɗaya da katin cirar kuɗi na banki, milimita 85.6 a tsawo, 54 a faɗi. Filin kaɗan ne, kuma kusan duk mai kamfanin da ya zo wurina so yake tambarinsa ya cinye rabi. Ki tsaya kai da fata a kan wannan. Ki sa a yi katin a tsaye, hoto ya ɗauki kusan rabin gabansa, tambari ya koma ƙarami a sama. Ma'aikatanku sun san sunan asibitin da suke aiki, fuska ce maigadi bai sani ba. Kada ki karɓi fasfo daga gida, kada ki karɓi hoton da aka turo ta WhatsApp. Na WhatsApp an riga an matse shi, idan na buga sai ya fito dishi-dishi, ga shi yanzu wayoyi suna gyara fuska su ƙara haske har uwar mutum ba za ta gane shi ba. Ku ɗauka da kanku, bango ɗaya, haske ɗaya, fuska ta cika kashi 70 zuwa 80 na tsayin hoton kamar yadda ake yi wa fasfo na fita waje. Sannan ki ce a maimaita hoton ƙarami, mai duhu-duhu, a ƙasa, lambar ma'aikaci ta bi ta kansa. Wanda zai liƙa wani hoto a kan babban sai ya yi fama da ƙaramin ma.

Koɗewar da kika gani ba laifin ma'aikaciyar ba ne. Launin irin wannan bugu zafi ne ke shigar da shi jikin robar, kuma rana da gumi suna cin sa. A asibiti abin ya fi muni saboda sifirit da man wanke hannu da ke taɓa katin kullum. Har jakar leda mai laushi da ake saka kati a ciki tana jan launin, za ki ga hoton ya kwafu a jikin ledar idan an zare. Ki nemi a yi wa katin rufi na musamman bayan bugu, ki kuma sayi gidan kati na roba mai tauri. Sai ranar ƙarewa, a gaba, da manyan lambobi. Shekara biyu ta isa. Kuma duk lokacin da za a sabunta, a canza launin bangon katin gaba ɗaya, ta yadda tsohon kati zai tona kansa daga nesa ko da maigadi bai karanta komai ba.

Yanzu abin da za ki cire. Lambar NIN kada ta hau, ko mai asibiti ya nace. Ba ta ƙara wa maigadi komai, ba shi da hanyar tantance ta a ƙofa, amma wanda ya tsinci kati ya samu suna da hoto da lambar waya da NIN a hannu ɗaya, ya samu jarin damfara. Lambar ɗan'uwa ta fi ba ni tsoro. Mutum ya tsinci katin nas, ya kira mahaifinta, ya kira ta da cikakken sunanta da sashen da take aiki, ya ce ta yi hatsari a turo kuɗin jini yanzu-yanzu. Wane uba ne zai tsaya bincike? Wannan bayani a fayil ɗinki ya kamata ya zauna. Sa hannun babban likita ma a cire. Mutane suna ganin shi ne ke sa kati ya zama na gaske, alhali hotonsa kawai muke ɗorawa, kuma duk mai waya zai ɗauke shi daga bayan kati ya ɗora a takardar bogi. Muƙami kuma ki taƙaita shi. Ke da kike Kaduna ba sai an gaya miki abin da hanyar Abuja da ta Birnin Gwari suka gani ba. Katin da ya ce babban akanta ko darakta, a aljihun mutumin da aka tare a hanya, ƙarin kuɗin fansa ne. A rubuta sashe kawai, a ce gudanarwa.

Tambari mai ƙyalli iri biyu ne. Akwai wanda ake sayarwa a naɗe a kasuwa, an rubuta masa kalmar orijinal, kowa na iya saye ya liƙa. Wannan ado ne. Akwai wanda ake ƙera wa kamfani shi kaɗai da tambarinsa a ciki, yana da amfani, amma ana yin sa da yawa ne a lokaci ɗaya kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin kati ɗari biyu. Abin da ya fi muku sauƙi shi ne siraran layuka masu sarƙaƙiya a bango irin na takardar kuɗi, da ƙananan rubutu da fotokwafi ke damawa, ko tawadar da ba ta fitowa sai an haska ta da 'yar fitilar duba kuɗi. Sai dai kowanne kika zaɓa, ki nuna wa masu gadi shi da hannunki. Alamar da maigadi bai san da ita ba, kuɗinki ne kawai ya tafi.

Ga wanda ba a cika faɗa wa kwastoma ba. Injinmu yana aiki ne da ribon mai falle biyar ga kowane kati, rawaya, ja, shuɗi, baƙi, sai na rufi. Bayan an gama, duk abin da aka buga yana nan kwance a jikin ribon ɗin. Idan kika warware shi kika ɗaga a haske, za ki karanta sunaye da lambobi ɗaya bayan ɗaya a baƙin fallen, ki ga fuskoki a masu launin. Shaguna da yawa kwandon shara suke jefa shi. Haka katin da ya lalace wajen bugu, hoto ya karkace ko launi ya yi yawa, shi ma kwandon shara, alhali a wuyan mutum daga nesa babu mai bambanta shi da mai kyau. Sannan zanen katin yana nan a manhajar zane ta CorelDraw a kwamfutar shago, yaron shago na iya buga guda ɗaya da dare ga wanda ya ba shi na shayi. Don haka ki rubuta a yarjejeniya: za a buga a gaban wakilinku, a ƙirga fararen katunan da aka shigar da waɗanda suka fito, a ba ku lalatattun da ribon ɗin ku ƙone, a goge hotuna da zane a gabanku. Idan asibiti na da hali, ku sayi ƙaramin injinku, Evolis ko Zebra ko Fargo, ku kulle shi a ofishinki tare da fararen katuna. Wannan shawara tana rage wa irinmu ciniki, amma wurin da ke da ɗakin jarirai ita ta dace da shi.

Nas Mai Aikin Dare ta amsa:

Anti sannu da ƙoƙari. Mu da muke rataya katin awa goma sha biyu bari mu ce wani abu.

Rukunin jini a cire shi, babu asarar komai. Babu asibitin da zai ƙara wa mutum jini don ya ga an rubuta a katinsa, dole a ɗebi jininsa a gwada a haɗa da na jakar. Wasu wuraren har jinotayif suke rubutawa, abin da mutum ba ya so ko maƙwabcinsa ya sani.

A kan suna, ina roƙon a rubuta sunan farko da manyan baƙaƙe, a bar sunan mahaifi. Mu mata mun san abin da ke faruwa. Ɗan jinya ya karanta cikakken sunanki a ƙirjinki, kafin ki tashi aiki ya nemo ki a Facebook. Wani kuma ɗan'uwansa ne ya rasu a hannunki, ransa a ɓace, yana neman wanda zai ɗora wa. Na yarda mara lafiya yana da haƙƙin sanin wanda ya taɓa shi, kuma sunan farko da lambar ma'aikaci sun ishe shi kai ƙara ofishinku. Likitoci dai a bar musu cikakken suna, tunda yana kan takardar magani ko yaya. Sai aikin mutum da manyan baƙaƙe ƙwarai, NAS, LIKITA, UNGOZOMA, da Hausa da Turanci. Yawancin 'yan jinyarmu duk mai farin kaya likita ne a wurinsu, abin da matar nan ta samu ke nan.

Abin da Malam mai bugu bai taɓo ba shi ne hijabi. Igiyar wuya a ƙarƙashin hijabi take shigewa, katin ya ɓace, igiyar kawai ake hangowa a gefe ko ma ba a ganin komai. Mu abin maƙalawa ya fi mana, a ɗame shi a saman hijabi daidai ƙirji. Igiya kuma tana lilo a kan ciwo idan ka sunkuya wanke shi, ta taɓa wannan gado ta taɓa wancan, ba mai wanke ta. Ga mara lafiyan da hankalinsa ya gushe ko mai naƙuda da ta riƙe duk abin da hannunta ya kai. Waɗanda za su saka igiya lallai ta zama mai ɓallewa ta ƙeya idan an ja. Kuma kati juyawa yake yi, rabin yini bayansa ake gani. Tunda za a kwashe tarkacen baya, a buga hoto da suna a fuska biyun.

Masu niƙabi a cikinmu, mace ta ɗauke su hoton fuska a buɗe daga goshi zuwa haɓa, kuma a samu mace a masu gadi a kowane duti wadda za ta iya dubawa a gefe. Idan babu ita, namijin maigadi kunya za ta hana shi tambaya, kuma ɓarauniya ta san haka.

Abu na ƙarshe Anti, kada a haɗa katin da rajistar zuwa aiki. Ranar da aka ce da kati ake sa hannun safe kuma ana yanke albashin wanda ya makara, ranar mutane za su fara ba abokai katinsu su danna musu. Daga nan kati ya saba yawo a hannun da ba na mai shi ba.

Injiniyan Na'ura ya amsa:

Hajiya, ni ɓangaren ƙofa zan yi magana. Katin buɗe ƙofa ya cancanci kuɗinsa a ɗakuna uku da kika ambata, amma fa idan an sayi na kirki, domin a ido duk fararen katuna ne iri ɗaya.

Mafi arha, wanda masu haɗa kyamara suka fi kawowa, shi ne mai aiki a kan kilohaz 125, wato zangon siginar da yake magana da na'urar ƙofa da shi. Wannan babu sirri a cikinsa ko kaɗan. Lamba ɗaya ce a ciki, duk na'urar da ta matso kusa zai faɗa mata. Ana sayar da 'yar na'urar kwafarsa a intanet da arha, a ɗora ta a kan kati a danna, a ɗora a kan farin kati a danna, an gama. Wasu ma lambar a rubuce take a jikin katin. Na biyu shi ne MIFARE Classic na kamfanin NXP, mai aiki a kan megahaz 13.56. Wannan yana da makulli, amma an karya shi tuntuni. A Disamba 2007 Karsten Nohl da Henryk Plötz suka bayyana rauninsa a wani taro a Balin, a 2008 kuma masu bincike na Jami'ar Radboud da ke Holan suka nuna ana iya kwafar sa, har da katin Oyster na shiga jirgin ƙasa a Landan. Kamfanin NXP ya je kotu don hana su wallafa binciken, kotu ta ƙi. Har yau ana sayar da shi a kasuwa a matsayin kati mai tsaro.

Abin da za ki rubuta a takardar kwangila shi ne MIFARE DESFire EV2 ko EV3, mai makullin AES, wani tsarin ɓoye bayanai mai ƙarfi. Amma sayen katin kaɗai bai wadatar ba. Masu haɗawa da yawa sukan saita na'urar ƙofa ta karanta lambar waje ta katin kawai, wadda ba a ɓoye take ba, don ya fi musu sauƙi. Idan aka yi haka kin biya kuɗin mai tsada kin samu tsaron mai arha. Ki tambaye shi kai tsaye: na'urar tana tantance makulli ne ko lambar waje take karantawa? An canza makullin da katin ya zo da shi daga kamfani? Kuma kalmar sirrin kwamfutar da ake ƙara mutum ko a cire shi, a hannun wa za ta zauna bayan ya gama aiki? A hannunku ya kamata, a canza ta ranar da ya tafi. Famasi kuma a haɗa kati da lambar sirri da mutum zai danna, don katin da aka tsinta shi kaɗai kada ya buɗe.

Ki tuna da wuta. Makullin maganaɗisu da aka fi sakawa yana riƙe ƙofa ne muddin akwai lantarki. Aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta ƙofar a buɗe take, sai in an haɗa masa batir. A sa batir, a riƙa gwada shi. Ta ciki kuma dole ƙofa ta buɗu ba tare da kati ba, saboda gobara.

Za a ba ki shawarar lambar QR. Idan suna da sashe kawai aka zuba a cikinta, fotokwafi ma zai kwafe ta. Tana da amfani ne idan maigadi ya haska ta ta buɗe masa rajistarku, ya ga hoton mutum da ko yana aiki har yanzu. Kuma shafin kada ya buɗu ga kowa sai wayar da aka ba izini.

A kan NIN, ki gaya wa mai asibiti akwai doka. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce a tattara bayanin da ake buƙata kawai don abin da aka tattara shi, kuma ta saka bayanin lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, wato NDPC, ce ke sa ido, tarar ƙananan wurare kuma tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Bambanta rukunin ma'aikata da launin kati kuwa ba sabon abu ba ne. Katin ma'aikatan gwamnatin Amurka da aka fito da shi bayan umarnin shugaba George W. Bush na 2004 yana da kore ga 'yan kwangila, shuɗi ga 'yan ƙasar waje, ja ga masu agajin gaggawa.

Tsohon Saje ya amsa:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika damu da yaran mutane. Bayan na ajiye kaki na shugabanci masu gadi a wata masana'anta, kuma abin da zan ce ba ya cikin kati.

Matar nan ba kati ta nuna ba, igiya ta nuna. Ke da bakinki kika faɗa. To igiyar ma a ƙirga ta, a karɓe ta idan mutum zai tafi, a daina raba ta kamar tsaraba. Sannan katin wadda ta bar aiki me ya sa yana waje? Karɓar kati ya shiga takardar sallama, a sa hannu an karɓa kafin a biya mutum haƙƙinsa na ƙarshe. Wanda ya tafi ba sallama, ranar nan sunansa da hotonsa su iso ƙofa, a liƙa a cikin ɗakin masu gadi inda baƙo ba ya gani.

Kada ku sa tara mai nauyi a kan ɓatan kati. Mai shara da albashinsa bai taka kara ya karya ba, idan ya san za a yanke masa kuɗi mai yawa, shiru zai yi ya riƙa bin bayan abokinsa yana shiga, ku kuma ba ku san akwai katinku a gari ba. Na farko a yafe, muddin ya faɗa a ranar.

Launi kada ya wuce huɗu. Masu taɓa mara lafiya, sauran ma'aikata, ɗalibai da 'yan kwangila, sai na ɗakin jarirai shi kaɗai da launin da ba wanda ke da shi, a kuma gaya wa kowace mai jego tun ranar da ta kwanta kada ta miƙa ɗanta ga wanda ba ya ɗauke da wannan launi. In launi ya yi yawa maigadi ba zai riƙe ba. Ɗalibai a rubuta musu ranar gama zamansu. 'Yan jinya a ba su katin ɗaki mai lambar gado, biyu ga kowane gado, a karɓa ranar sallama.

Babban abin kuma, maigadi tsoron manya yake ji. Idan babban likita ya wuce ba kati aka sara masa, gobe ƙaramin likita zai wuce, jibi duk mai farar riga. Mai asibiti ya rataya nasa, ya tsaya a duba shi a gaban kowa, ya kuma faɗa wa masu gadi cewa ba za a kori kowa don ya tsayar da babba ba. A kuma gaya wa ma'aikata su cire kati su sa a jaka da zarar sun fita ƙofa, su daina ɗora hotonsa a intanet ranar da suka kama aiki.

Uwar Ofis ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Saje, maganar igiya ta shige ni, yau na sa a ƙirga waɗanda suka rage a sito. Na kai wa mai asibiti bayanan nan, ya haƙura da NIN da tambari mai ƙyalli da ya ji maganar doka da ta masu kiran iyaye. An amince da hoto a fuska biyu, da sunan farko ga nas-nas, da launi huɗu, da katin ƙofa a ɗakuna uku. Inda muka tsaya shi ne adireshi. Shi yana ganin idan babu adireshi, mutumin kirkin da ya tsinci kati ba zai san inda zai kai ba. Malam mai bugu, ya kake gani? Kuma me zan duba kafin in ce a buga duka?

Mai Buga Kati, Kano, ya sake amsawa:

Hajiya, mai asibiti yana da gaskiya ta wani ɓangare. Sunan asibiti ba zai ɓoyu ba tunda marasa lafiya na buƙatar ganinsa, kuma duk ɗan Kaduna zai gane wurin. A saka layi ɗaya siriri a ƙasan baya, lambar wayar ofishinki kawai, ba ta mutum ba. Abin da ba za a rubuta ba ko kusa shi ne ƙofofin da katin ke buɗewa. Kuma duk katin da ya ɓata aka dawo da shi, kada a mayar wa mai shi, a kashe lambarsa a kwamfuta a yanka shi a buga sabo, don ba ki san hannun da ya bi ba.

Kafin ki biya, ki ce a buga miki samfuri na kowane launi da hotunan mutanenku na gaske, har da mai duhun fata sosai da mai farin hijabi, don a nan ake gane ko an saita hasken inji daidai. Ki maƙala wa mutum, ya tsaya a barandar ɗakin masu jego da dare a hasken da kuke da shi, ki kira maigadin da ya fi kowa shekaru ya tsaya taku goma ya faɗa miki launi da aikin mai katin. Idan sai ya matso, a ƙara girman rubutu. Ki goga wa samfurin sifirit da auduga ki ga ko launi zai biyo.

Tunda za ku yi na ƙofa, ki haɗa mai bugu da injiniyan tun kafin a sayi fararen katunan. Akwai siririyar waya da ta zagaye cikin katin ta gefe-gefe, idan aka huda ramin maƙalawa a inda bai dace ba an yanke ta, katin ba zai sake buɗe komai ba. Wasu katunan suna zuwa da 'yan ɗigo da ke nuna inda za a huda. In naku ba su da shi, kada a huda sam, a saka su a gidan roba mai tauri mai maƙali a jikinsa.